Jan Ido Ba Shaida Ba Ne

Idan mota ta buge ɗan acaɓa a shataletalen Ƙofar Ƙaura, kafin direba ya buɗe murfin motarsa an gama yanke masa hukunci. "Ai a buge yake, ku dubi idonsa!" Daga nan sai mari, sai dutse a gilashi. Wanda ya yi ƙarfin halin cewa a bar hukuma ta bincika, a ce yana goyon bayan 'yan ƙwaya.

Wannan tunani na cewa wanda ake zargi da tuƙi cikin maye ba shi da bakin magana ya zauna daram a Katsina, kuma kuskure ne.

Direban tirelar da ya taso daga Legas, kwana biyu bai runtsa ba sai goro da shayi, idonsa ja ne. Ƙurar hunturu ma tana rina ido. Mai ciwon sukari, in sukarinsa ya faɗi, harshensa kan sarƙe, kuma wanda kansa ya bugu da sitiyari tangaɗi zai yi kamar ya sha ya ƙoshi. Da me 'yan kallo suke tantance waɗannan?

Ba musu, ana tuƙi cikin maye a garin nan. Sai dai tun da jihar ta koma kan Shari'a a 2000 giya ta shige lungu, abin da ya cika gari shi ne tiramol da wiwi da sholisho da kodin, duk da haramcin da gwamnatin tarayya ta sa wa maganin tari mai kodin a 2018. Na'urar da jami'an kiyaye haɗurra kan sa direba ya hura kuwa barasa kaɗai take aunawa. Wanda ya haɗiyi tiramol zai hura ta nuna shi tas, in ba jini ko fitsarinsa aka gwada ba. Shi ke nan, mai laifin gaske ya sasanta a bakin titi ya wuce, ko ya biya tarar naira 5,000, kuɗin da ko lita goma ta fetur ba su saye. Mai gajiya kuma ya sha duka.

Tsarin mulkin 1999 bai yi nuƙu-nuƙu ba. Sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Sashe na 35 ya ba shi damar yin shiru har ya ga lauya, ya kuma wajabta a kai shi gaban alƙali cikin kwana guda idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. A birnin Katsina wa zai ce kotu ta yi nisa?

Masu fakewa da addini su ma su bi a hankali. Imamu Malik ya karɓi warin giya a matsayin hujja, amma sai adilai biyu sun ba da shaida a gaban alƙali kafin a yi bulala tamanin. Bai ba taron kasuwa bulalar ba.

Ya kamata gwamnatin jiha ta haɗa hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha (KASSAROTA) da hukumar kiyaye haɗurra da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi (NDLEA), a tanadi wurin gwajin jini a Babban Asibitin Katsina, a riƙa kai duk direban da ake zargi can a ranar, takardar likita ta bi shi kotu.