Motar Igiya A Legas: Ina Za Mu Sa Buhun Albasa?



Jiya na tashi daga Mile 12 da kayan Baba zan kai wa wani kwastoma a Idumota, na shafe awa uku a cikin danfo, rabin lokacin a tsaye cak a kan gadar Third Mainland. Ina zaune gumi na zuba sai na tuna maganar motar igiya, wato ɗan akwatin nan mai ɗaukar mutum kamar goma da ke rataye a jikin waya yana tafiya ta saman gidaje. Tun zamanin Gwamna Fashola aka yi ta cewa za a haɗa Apapa da tsibirin Legas da Victoria Island da ita. Har yau ba mu ga ko ɗaya tana ɗaukar fasinja ba.

Abin ba tatsuniya ba ne. Birnin Medelin na ƙasar Kolombiya ya buɗe tasa a 2004 don talakawan da ke zaune a kan tsaunuka, inda bas ke shan wahalar hawa. La Paz ta Bolibiya ta bi sahu a 2014. Ko a nan gida an kafa ɗaya a tsaunin Obudu na jihar Kuros Riba a 2005, sai dai ta 'yan yawon buɗe ido ce.

To amma ku lura, duk waɗannan wurare tsaunuka ne. Legas shimfiɗe take kamar tabarma, ruwa da yawan jama'a ne matsalarta. Motar igiya ba ta da sauri, kusan kilomita 18 take yi a awa, kuma layi ɗaya bai wuce 'yan dubbai yake kwashewa a awa ba. Wanda ya taɓa ganin Oshodi da ƙarfe shida na yamma ya san wannan ba zai ko rage layi ba. Jirgin ƙasa na jan layi da aka buɗe a 2024, wanda ke bi ta Agege, shi ne irin abin da ya dace da cincirindonmu.

Ni dai inda na yarda da ita shi ne tsallaken ruwa, kamar daga Apapa zuwa tsibiri, inda tankoki da tireloli suka daɗe suna cinye hanya. Nan kam turaku kaɗan za a kafa, ba sai an rushe gidan kowa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa ganin an rushe rumfar maƙwabcinsa don faɗaɗa titi.

Sai dai abu biyu na damuna. Na farko wuta. In aka ɗauke ta kana rataye a saman ruwa fa? An ce akwai injin ko-ta-kwana da ke jawo mutane zuwa tasha, to wa zai riƙa duba shi yana zuba masa mai? Na biyu kaya. Mu 'yan kasuwa ba da jakar ofis muke yawo ba. Da na ba Baba labarin, bai ko ɗago kai daga lissafinsa ba ya ce, "Buhu nawa take ɗauka?" Na ce ko ɗaya da wuya su bari a shiga da shi. Ya ce to in tashi in nemo mai kura kafin azahar.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.