Itacen da Ya Zaɓi Dutse

Ina so in kawo muku labarin wani itace na ƙasashen gabas mai nisa, domin hukuncinsa ya shafi duk mai saye da sayarwa.

Ku sani, a kudancin ƙasar Sin, lardin Guwangshi da na Yunan, da kuma arewacin Biyetnam, akwai tsaunuka na farin dutse, watau irin dutsen nan da ake ƙonawa a yi siminti, kamar na Kalambaina ta Sakkwato. Ruwan sama ya daɗe yana cinsa har ya zama ramuka da tsagogi da koguna. Ƙasar da ke bisansa 'yar kaɗan ce, ruwa kuwa ba ya kwana, da ya sauka sai ya zurare ƙarƙashi. A wannan wuri mai ƙunci itacen nan ya ke zaune. Mutanen Sin suna ce masa shiyanmu, na Biyetnam suna ce masa ngiyen. Saiwarsa tana kama dutse, ta bi tsaga tana neman laima, tsawonsa kuwa ya kan wuce ƙafa 100. Girmansa a hankali ne ƙwarai, saboda haka katakonsa ya yi tauri da nauyi, gara ba ta iya masa. Mu da ke sassaƙa allo da aduwa mun san darajar itace mai tauri, amma wannan ya wuce nan.

To, taurin nan shi ya zama ajalinsa. Mahauta da masu dafa abinci sun gane babu abin saran nama kamarsa, gama wuƙa ba ta cinsa da sauri. Sai masu sara su hau tsauni a ɓoye da zarton inji, su kā da itacen da ya girmi kakannin kakanninsu, su yanyanka gindinsa faifai-faifai, a goya a baya, a tsallaka iyaka da shi zuwa kasuwannin Sin. Abin da ba su iya ɗauka su bar shi nan ya ruɓe. A shekara ta 1998 masana suka sa sunansa cikin jerin itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu.

Wasu suna cewa magani shi ne a shuka wani a madadinsa. Ban ƙi shuka ba, amma ban yarda ta isa ba. Wanda ya sare itace mai shekaru ɗaruruwa, sa'an nan ya dasa tsiro kamu ɗaya, ya yi kama da wanda ya ci bashin raƙumi ya biya da ɗan tsako. Kuma ƙaramin tsiron yana bukatar inuwar manya tun yana jariri. In aka kwashe manyan, rana ta ƙone dutsen, ruwa ya wanke 'yar ƙasar da ke cikin tsagogi, sai tsauni ya koma ƙwarangwal. Ƙasar fadama ta kan farfaɗo, ta bisa dutse kuwa sai bayan zamunna. Balle in masu siminti sun fasa tsaunin kansa, to, ina za a mai da shi?

Don haka na ga daidai ne abin da hukumomin can suka yi na keɓe tsaunukan dungum, kamar gandun Nonggang a Guwangshi, da na Ba Be a Biyetnam wanda aka kafa a 1992. Malamai sun san asalin wannan a babin hima cikin fiƙihu, inda shugaba ke keɓe fili domin maslahar jama'a. Sai dai an sha kama masu sara a cikin hurumin Ba Be ɗin kansa, gama dogari ba ya iya tsare kowane lungu na tsauni.

A nan ne maganata ta komo kanku, ya ku fatake. Talakan da ke goya faifan katako cikin dare yana da nasa laifi, amma yunwa ce ta hau da shi tsauni, ladansa kuwa kaɗan ne. Babban alhaki yana wuyan attajirin da ke zaune a rumfa, wanda ya yanka farashi, ya karɓi kaya, bai tambayi inda aka saro su ba, alhali kuwa ya sani.

Haza wassalamu.