Tauraron Bama: lambar yabon da ba ta ɗauke da suna

A watan Mayun 1945 Birtaniya ta ƙirƙiro lambar yabo ta Tauraron Bama domin sojojin da suka yi yaƙi da Japan a ƙasar Bama tsakanin 11 ga Disamban 1941 da 2 ga Satumban 1945. Tauraro ne mai tsini shida, rataye da ƙyalle shuɗi mai jan layi a tsakiya. Ba lambar jarumta ba ce. Shaida ce kawai cewa mai ita ya halarci fagen.

Cikin waɗanda suka cancance ta akwai dubban ’yan Najeriya da ke runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da yawansu daga Arewa. Sun yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, sun kuma shiga Myohaung a Janairun 1945. Har yau sunayen waɗannan wurare na nan a barikokinmu: Dalet a Kaduna, Myohaung da Dodan a Legas. Barikin Chindit na Zariya kuwa sunan rundunar da wasunsu suka yi aiki cikinta ya ɗauka.

Abin lura shi ne, Birtaniya ta raba wannan lamba ba tare da zana sunan mai ita a jiki ba. Idan takardar sallama ta ɓace, mai lambar kuma ya rasu, sai a bar magada da ƙarfe wanda ba ya iya faɗin na wane ne. Barikoki sun riƙe sunan dazuzzukan Bama, amma sunayen mutanen da suka ratsa su suna ta salwanta.

Wasu za su ce yaƙin Turawan mulkin mallaka ne, ba namu ba. Gaskiya ne ba mu muka ƙulla shi ba, amma jinin da ya zuba namu ne. Kuma mazan jiyan da kansu sun gane cewa lamba ba ta biyan bashi. A ranar 28 ga Fabrairun 1948 tsofaffin sojoji suka yi tattaki a Akara suna neman haƙƙinsu, ’yan sanda suka harbe uku daga cikinsu, tarzomar da ta biyo baya kuma ta gaggauta ’yancin Gana.

Darasin ya shafi sojojin da ke Arewa maso Gabas a yau. Lambar yabo tana da daraja ne idan tana tafe da suna a rubuce da haƙƙi a hannu: fansho kan lokaci, da kulawa da matan mamata da marayu. Hakkin hukumar soji ne ta tattara kundin sunayen mayaƙan Bama ta buɗe shi ga jama’a. Wanda kuma ya gaji tauraro a adakar kakansa, ya rubuta sunansa da lambar aikinsa da garinsu tun masu tunawa suna raye.