TSARON UNGUWA: A KAMA ƁARAWO, A KAI SHI KOMISARIYA



Cikin damanar da ta wuce, a unguwarmu ta nan Maraɗi, gida 7 anka fasa cikin wata 2. Ba wata dukiyar a-zo-a-gani anka ɗauka ba: moto guda, tukunyar gaz, batirin hasken rana, salula, tumaki 2, da keken ɗinkin wata gwauruwa da ke bayan gidana. Amma wanda ya san cewa da wannan keken take ciyar da marayu 4, ya san ba ƙarfe anka sace mata ba, tuwon ɗiyanta ne anka ɗauke. Da abin ya ishe mu, sai munka taru ƙofar gidan mai unguwa bayan sallar isha'i. Kafin dattawa su buɗe baki, wani saurayi ya miƙe ya ce: "Baba mai unguwa, a saya mana kulake da adduna, a bar mu da su. Wanda munka kama ba za ya sake ba." Mutane da yawa sunka yi na'am. Ni ban yi ba, kuma dalilina ne nike son in bayyana a nan, don na san unguwanni da yawa na Damagaram, Tawa da Yamai suna cikin irin wannan shawara.

Mu fara da tambayar abin da ya sake. A ƙidayar 1977 mutanen Maraɗi ba su kai dubu 50 ba. A ƙidayar 2012 sun zarce dubu 260. A tsofaffin unguwanni kamar Bagalam, Mokoyo ko Limanci, baƙo ba ya kaiwa tsakar gida sai ya ratsa zaure, kuma kafin ya kai zauren tsohuwa uku sun tambaye shi gidan wa yake nema. A sababbin unguwanni kuwa kowa ya ja katanga mai tsawo, ya kafa ƙyauren ƙarfe, ya shige. Tsakanin gida da gida akwai kango da ba a gama ginawa ba, da fili mai ciyawa. Ɗan haya ya zo bana, baɗi ya tashi, ba wanda ya san sunansa. Katangar da ke ɓoye mai gida ga idon mutane, ita ce ke ɓoye ɓarawo in ya riga ya dira ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ke bangonmu ita ce rashin sanin juna.

Saboda haka abin da ƙungiyar sintiri za ta mayar mana shi ne idon nan da munka rasa. Aikinta gani, da ji, da tada mutane, da kiran hukuma. Ba ita ce alƙali ba, ba ita ce gidan kaso ba.

Waɗanda sunka manyanta za su tuna da samariya, wadda gomnatin Saini Kunce ta farfaɗo da ita bayan 1974. Kowace unguwa da sarkin samarinta da magajiyarta. Su ke gina azuzuwan lakol, su share tituna, su dasa itatuwa. Ba na cewa samariya ba ta da aibi, don ta zama hannun mulki fiye da kima, kuma iskar jam'iyyu ta farkon shekarun 1990 ta tafi da ita. Amma akwai abu guda da ta iya wanda ya kamata mu ɗauko: duk yaron da ke cikinta an san ubansa, an san wanda za ya amsa tambaya in ya yi ɓarna. Ƙungiyar da ba ta da wannan, ko ta fara da niyyar kirki, ba a san inda za ta ƙare ba.

Ga yadda munka yi, bayan gardama ta dare 3. Mun sayi kaye guda, munka rubuta kowane gida, da sunan mai shi, da ƴan hayar da ke ciki, da lambar salularsa. Gida 60 munka samu, kuma a nan ne wasu sunka fara sanin sunan wanda sunka shekara 5 suna jin tarinsa ta bayan katanga. Sa'an nan mai unguwa da dattawa 2 sunka ɗauki sunayen masu sintiri sunka kai komisariya, don hukuma ta san da su, su kuma su san wanda za su kira da tsakar dare. Wannan mataki shi ne na farko, ba na ƙarshe ba. Duk ƙungiyar da ta fara yawon dare kafin mai unguwa da komisariya, ko jandarma in ƙauye ne, su san da ita, to ta fara da ƙafar hagu.

Mutum 4 ke fita kowane dare, daga ƙarfe 12 zuwa kiran assalatu. Da gida 60, kowane gida sau ɗaya zagaye ke zuwa kansa cikin kwana 15. Wanda ba ya iyawa, don tsufa ko ciwo ko aikin dare, sai ya ba da ɗansa ko ƙanensa baligi wanda unguwa ta yarda da shi. Ma'aikacin gomnati ba a ɗauke masa ba. Na faɗi haka da gangan, don mu masu zaman biro mun iya cewa "ga kuɗɗina, a nemi wani", alhali in talaka ya ga mushe da fitila a hannu ƙarfe 2 na dare, shi ma ba za ya yi nauyin fitowa ba. Kayan aiki kuwa fitilar hannu, usur, salula mai kuɗɗi a ciki, da riga iri ɗaya don a shaida su daga nesa. Sanda ta kare kai ga kare ko maciji ba a hana ba. Bindiga da adda da wuƙa ba su cikin aikin.

Maganar kuɗɗi ita ke kashe ƙungiyoyi, don haka mu yi lissafi a fili. In kowane gida ya ba da dala 100 a wata, gida 60 sun tara jika 30. Tun farkon 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu jika 42 ne. Ashe abin da munka tara bai isa a biya mai gadi ko guda bisa ƙa'ida ba, balle 4. Wanda ya ɗauki samari ya ce za ya biya su da irin wannan kuɗɗi, ya sani wata na uku za su fara bin gidaje suna karɓa da tsiya, wanda bai biya ba kuma a bar gidansa a buɗe, ko ma a nuna shi. Shi ya sa munka bar sintiri ga masu gidaje da kansu, kuɗɗin kuma ya tafi ga batir, da shayi, da fitilun hasken rana 3 da munka kafa a karfu da bakin kangwaye. Ajiya tana hannun wata Hajiya da ta shekara 20 tana riƙe da adashi ba a taɓa jin kanta da kowa ba, kuma kowane ƙarshen wata ana karanta abin da ya shiga da abin da ya fita gaban kowa.

Kada a manta da rana. Cikin gida 7 da anka fasa mana, 3 da rana tsaka anka shige su, maza na masallacin Juma'a ko wurin aiki, mata sun tafi suna ko biki. Masu tsaron rana suna nan tun da daɗewa, ba mu dai shaida su ba ne: mai tebur na bakin karfu, mai facin taya, tsohuwa mai ƙosai, matan da ke cikin gida suna jin kowane motsi. Abin da sunka rasa shi ne lambar da za su kira, da tabbacin cewa in sun faɗa ba za a bayyana sunansu ba. Haka nan samarin fada, da ke kwana shan shayi bakin titi. Mun saba zaginsu da zaman banza, amma ba wanda ya san masu wucewa ƙarfe 3 na dare kamar su. Da ɗan gari akan ci gari. In ba mu jawo su cikin aikin ba, wani za ya jawo su cikin nasa.

Yanzu ga inda gardama take. Dokokinmu na hukunta laifi, waɗanda asalinsu ke komawa ga 1961, sun ba kowane mutum damar riƙe wanda ya tarar yana cikin aikata sata, amma don ya miƙa shi ga ɗan sanda ko jandarma mafi kusa. Nan damar ta tsaya. Ba ta ba shi ikon duka ba, ko ɗauri a turke har safe, ko tilasta wa mutum ya amsa laifi, ko cin tara, ko shiga ɗakin wani da bincike. Wanda ya fasa kan ɓarawo bayan an riga an riƙe shi, gobe shi ma za ya tsaya gaban alƙali, kuma daidai ne.

Wani za ya ce wannan maganar masu takarda ce. To mu dubi maƙwabta. A jihar Zamfara ta Nijeriya, ƴan sa-kai sun tashi ne don satar shanu ta ishi mutane, kuma ba wanda za ya ce kukansu ba gaskiya ba ne. Amma da sunka fara kama mutum a kasuwa don kamanninsa ko ƙabilarsa su kashe ba shari'a, sai ramuwa ta bi ramuwa, wutar ta ƙara ruruwa. A 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina sunka kwararo cikin jiharmu, wajen Gidan Runji da kewaye. Mun gan su da idonmu. A ƙarshen watan Maris na 2025 kuma, a garin Uromi na jihar Edo, ƴan sintirin gari sunka tare wata mota da ta ɗauko mafarauta ƴan Arewa masu komawa gida sallah, sunka ga bindigogin farauta, anka yi kururuwar masu satar mutane ne, taro ya kashe mutum 16. Waɗanda sunka tare motar nan su ma cewa suke yi garinsu suke tsaro. Kalmar "banga" kanta tana da tarihi: daga Ingilishi ta shigo bakinmu, zamanin siyasar shekarun 1950 a Arewacin Nijeriya, sunan samarin da ke gaban ayarin jam'iyya ne. Shi ya sa na roƙi mutanenmu mu kira namu masu sintiri, kuma munka rubuta cikin kaye cewa ranar da wani ɗan siyasa ko attajiri ya nemi su raka shi taro, ranar ƙungiya ta watse.

Akwai ƙorafi guda da ba ni iya turewa da hannu ɗaya, shi ne na masu cewa: "Mun kai shi da dare, da hantsi mun gan shi kasuwa." Yakan faru. Amma sau da yawa ga yadda abin yake: an kai mutum, kowa ya koma gida ya kwanta, mai kaya bai je ya kai ƙara ba, shaidu sun ce ba su son shiga uku, wani dattijo ya bi ta baya ya roƙa a rufa asiri. Ɗan sanda ba ya da ikon tsare mutum kwana da kwanaki ba hujja. Doka ta ƙayyade masa lokaci. In muna son shari'a ta yi aiki, wajibi ne mai kaya ya je da kansa, masu sintiri su faɗi abin da sunka gani, a kawo takardar sayen moto da lambar da ke jikinta. Mu nawa ne ke ajiye irin wannan takarda? Su kuma mahukunta, da nike fatan suna karanta wannan shafi, nasu nauyin a bayyane yake: in an kira lamba 17 a amsa, in an ce za a zo a zo, in an saki mutum a gaya wa mai unguwa dalili. Talakan da ya kira sau 3 ba a zo ba, na huɗu ba salula za ya ɗauka ba. Kuma a matsa wa masu saye. Moton jika 400 da anka tallata maka jika 80 ba takarda, ka san daga inda ya fito, doka ma ta san ka sani, kuma tana hukunta mai karɓar kayan sata. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Cikin mako na 5 da fara sintirinmu, wajen ƙarfe 3 na dare, usur ya tashi. Masu zagaye sun tarar da wani yaro yana fitowa daga kango da tukunyar gaz a ka. Kafin minti 10 mutum ya fi 30 a wurin, wasu da taɓare, kuma sai da mai unguwa ya tsaya gabansa da jikinsa yana cewa: "Ƴaƴana, wanda za ya taɓa shi ya fara da ni." Da anka haska fuskarsa, sai ga shi ɗan unguwa ne, shekararsa 17, ubansa na cikin waɗanda sunka fi ɗaga murya daren taron farko a kan a sayo adduna. An zaunar da shi, an ba shi ruwa, anka kira komisariya, mai tukunya da shaidu 2 sunka bi su. Maganarsa tana hannun alƙalin yara. Uban har yau ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska, amma ya fito zagayensa daren Talatar da ta wuce. Keken gwauruwar nan kuwa ba a gan shi ba. Cikin taron ƙarshen wata za a yanke ko za a taɓa kuɗɗin ajiya a saya mata wani, ko kuwa a yi mata karo-karo daban.