Hawan Gangirwal, Ƙololuwar Nijeriya

Da wuya a sami ɗan makarantar da bai san sunan Kilimanjaro ba, amma in an tambaye shi dutsen da ya fi tsawo a ƙasarsa sai ya yi zuru. To, sunansa Chappal Waddi, ko kuwa Gangirwal. Yana Jihar Taraba a bakin iyakar Kamaru, tsawonsa mita 2,419, cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti wanda aka mai da na Tarayya a 1991.

Mai niyyar hawa yakan biyo ta Serti. Daga Mayo Selbe hanya takan fara murɗewa tana hawa tsaunin Mambila, mota tana nishi, har a ɓulla Maisamari, inda fasinjan da ya baro zafin kwari zai shiga laluben bargo. Bayan Nguroje mota ba ta da sauran amfani mai yawa. Sai ƙafa, da ɗan jagora, da masu dako, tafiyar kwanaki.

Wahalar ba kaɗan ba ce. Akan tsallake rafuka masu sanyin ƙanƙara, a kutsa kurmi mai duhu inda birai ke kuka, sa'an nan a fito fili mai ciyawa, iska tana kaɗawa ba abin da ya tare ta. Wanda ya kai bisa da sassafe, kafin hazo ya rufe, zai ga tuddai kore shar sun jeru har cikin Kamaru, gajimare kuwa yana kwance ƙarƙashin ƙafarsa kamar audugar da aka shanya. Can nesa ga shanun Fulani farare, ƙanana kamar tsakuwa. Masu hankali dai da rani suke zuwa, don da damina santsi da ambaliyar rafuka sukan datse hanya.

Sai dai fa abin bai tsaya ga kallo ba. Kurmin da ke manne a kwazazzaban duwatsun nan shi ke riƙe ruwan sama yana sakinsa sannu a hankali cikin rafukan da ke zuba Kogin Taraba, shi kuma ya zuba Binuwai. Kowace shekara wutar da ake cinna wa ciyawa don sabon toho takan lashi gefen kurmin, gatari kuma yana biye. Masunci a Makurɗi bai taɓa ganin Gangirwal ba, amma wani kaso na ruwan da kwalekwalensa ke kai da rani daga can ya gangaro.