Mai Mota, Ka San Ruwan Motarka

Yau ina so in taɓa zancen motar nan mai ɗaukar iyali, watau Toyota Sienna, wadda malamai da akawuna da yawa suka yi shekara da shekaru suna tari kafin su saye ta. Dalilin son ta a fili ya ke: tana cin mutum bakwai ko takwas, maigida da uwargida da yara har da tsohuwa, ga kuma wurin kaya a baya. Abin da ke ba ni mamaki kuwa, mutum ya san buhun hatsin da ya rage a gidansa, ya san bashin da a ke binsa har sisin kwabo, amma in ka tambaye shi yaushe rabonsa da duba ruwan motarsa sai ya ce ai wannan aikin bakanike ne.

A Amurka a ke ƙera wannan mota, an fara fid da ita cikin 1997. Da yawa cikin waɗanda ke hannunmu ƙirar 2004 zuwa 2010 ne, sun riga sun sha aiki can kafin su iso mana. A ganina babu abin da ke kashe su a ƙasarmu kamar zafi, gama kan injinsu na alminiyam ne, in ya tafasa sosai sau ɗaya tak yana iya tanƙwarewa, sa'an nan gaskit ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Daga nan kuɗin gyara ya wuce albashin wata.

To, ga inda na ke da ja da waɗansu bakanikanmu. Da zarar an kai musu mota tana zafi, ko ma sabuwar sauka wadda ba ta yi laifin kome ba, sai su cire wani ɗan ƙarfe da a ke kira tamostat, su jona fanka kai tsaye ta yi ta juyawa tun daga tashin inji har kashe shi, su ce wai don ƙasar sanyi Turawa suka sa shi. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Tamostat ƙofa ce a kan hanyar ruwa. Tana rufe sa'ad da inji ke da sanyi domin ya ɗumama da wuri, in zafin ruwa ya kai wajen digiri 82 sai ta buɗe da kanta, ruwa ya wuce lagireto ya huce. Mai lafiya ba ta tare ruwa a kan inji mai zafi, ko a Sakkwato cikin watan Afrilu. Ai Amurka ma tana da hamada, motar nan kuwa tana ratsa ta da tamostat ɗinta. In aka cire, da sanyin hunturu inji ba ya kai zafin da a ke so, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu yana da sanyi, ta yi ta ƙara masa fetur. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa ya san abin da lita guda ke nufi. Fankar da ba ta hutawa kuma tana mutuwa kafin lokacinta. Mafi muni, ainihin ciwon yana nan ba a taɓa shi ba.

Ban ce mugunta ce ta sa su ba. Da yawansu a kan Fijo 504 suka koyi aiki, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, ita kuwa ba ta da kwamfutar da ke lissafa mata fetur. Amma kai mai mota, in ka san dalili, ka iya cewa, "Malam, bar shi, in ya lalace a sa sabo."

Ainihin ciwon sau da yawa ƙarami ne. Murfin lagireto shi ke danne ruwa don kada ya tafasa a digiri 100, yana kai shi kusan 120, in robarsa ta tsufa sai ruwa ya riƙa zurarewa kaɗan kaɗan. Ƙurar hunturu da ƙwari suna toshe fuskar lagireto har iska ta kasa wucewa, maganinsa wanki da ruwa mara ƙarfi. Sai kuma ruwan rijiya ko na burtsatse da mu ke ɗurawa, wanda ke barin tsatsa da ɓawo a ciki kamar na tsohuwar buta. Ruwan da masu ƙira suka ce a sa, mai launin hoda, yana da maganin tsatsa, kashin farko yana kai mil 100,000, bayan haka a sake shi ko wane mil 50,000. Ku lura, 'yan'uwa, agogon motar Amurka da mil ya ke ƙidaya, mil guda kuwa kilomita 1.6 ne. Na ga masu ilmi suna karanta shi da kilomita, suna jinkirta juye. Baƙin mai ko wane mil 5,000 ko wata shida a ke sake shi, mai lamba 5W-30 kamar yadda aka rubuta a kan murfinsa, ba mai kaurin nan da a ke tura mana ba.

Wanda tasa ƙirar 2004 zuwa 2006 ce, mai inji lita 3.3, ya sani akwai bel a ɓoye cikin injin wanda ke daidaita lokacin aikinsa, wa'adinsa mil 90,000, watau kusan kilomita 145,000. Shi ke juya famfon ruwa, saboda haka in za a sake shi a sake su tare. Daga 2007 zuwa 2010 injin lita 3.5 ne, da sarƙa ya ke aiki, babu wannan wa'adi.

Abin da na ke roƙo bai wuce minti biyar ba ran Asabar da safe, kafin a ta da inji. Ka duba robar ruwa ka ga yana tsakanin layin nan biyu. Ka zaro sandar awon baƙin mai, in ka gan shi ya yi fari kamar shayi da madara, kada motar ta fita. Ka leƙa ƙasa inda ta kwana ko ta bar ɗigo. Ka dubi taya kuma: lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta suna faɗin ranar haihuwarta, 2319 watau mako na 23 cikin 2019. Tsohuwar taya ko da tana da zane ba ta jure kwalta mai zafi da kayan Salla.

In kuwa kuna bisa hanya allurar zafi ta fara hawa, ka kashe na'urar sanyi, ka kunna hita har ƙarshe ko yara za su yi ƙorafi, gama tana janye zafi daga inji, ka nemi wuri mafi kusa da mutane ka tsaya. Kada ka ce bari mu ƙarasa gari na gaba. Kilomita goman nan su ke raba sayen murfi da sauke inji, su ne kuma ke sa iyalinka su kwana a jeji. Kada ka buɗe murfin lagireto sai inji ya huce, aƙalla rabin awa, don ruwan yana fesowa har fuska. Kada kuma ka bari masu taimako su watsa wa inji ruwan sanyi. In ya huce ka cika, ka tafi a hankali idonka na kan allura, in ta sake hawa ka sake tsayawa.

Wasalam.

Naku,
Akawu