Ra'ayi: Kafin ka tambayi girman allon kwamfuta, ka fara tambayar wutar da yake ci

Duk mai aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka ya san ciwon wuyan nan na bayan la'asar. Allon ƙarami ne, inci 13 zuwa 15, yana can ƙasa a kan tebur, kai kuma ka duƙa a kansa tun safe kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Matasa da dama a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa yanzu a ɗaki suke neman abincinsu: masu fassara, masu tace bidiyo, masu zanen talla, ɗalibai masu karatu ta intanet, da mu ƴan jarida. Ƙara babban allo na biyu, wato ekran, shi ne magani mafi sauƙi. Yadda muke zaɓensa ne nake da ja a kai. Muna shiga kasuwa da tambaya ɗaya tak: inci nawa ne? A ganina, a ƙasar nan tambayar farko ita ce: wat nawa yake ci?

Ni ma na faɗa wannan rami. Da na fara rubutu daga gida, talabijin mai inci 32 na saya na hannu, na jona shi da wayar HDMI, ina murnar na ci riba biyu, aiki da rana, ƙwallo da dare. Ba a yi nisa ba idona ya fara zafi, haruffa kamar an jiƙa su da ruwa. Daga baya na gane dalili. Hoton allo ɗigo-ɗigo ne, kuma talabijin ɗin nawa ɗigo 1366 ne a kwance, 768 a tsaye. Idan aka baza su a kan inci 32, kowane inci ɗigo 49 kawai yake samu. Allon kwamfuta mai inci 24 da ɗigo 1920 da 1080 kuwa yana da kusan 92 a kowane inci. An ƙera talabijin ne don a kalle shi daga nesa, ni kuma na sa shi a gaban hancina.

Amma babban darasin daga wajen lantarki ya zo. Kwamfutarka tana da batir a cikinta, allo ba shi da shi. Da an ɗauke wuta ya mutu, ka koma ƙaramin da ka gudu daga gare shi. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse mana wuta saboda takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinmu daga can yake zuwa. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ita ma ta fara aiki, amma kowa ya san halin da ake shiga a Afrilu da Mayu idan zafi ya tsananta. Shi ya sa da yawanmu suka dogara da ɗan fanon sola da batir guda.

A nan ne lissafi yake. Allon zamani mai inci 24 yakan ci wat 15 zuwa 25. Tsofaffin allunan da aka yi kafin fitilar LED ta yaɗu sukan ci ninkin haka ko fiye. Mu ɗauki aikin awa 8. Mai cin wat 20 zai sha 160 daga batir, mai cin 60 zai sha 480. Batir na gubar dalma mai volt 12 da ampa 100 yana riƙe da kusan 1200, kuma rabi kawai ya kamata a zuƙe idan ana son ya yi ƙarko. Ke nan babban allo shi kaɗai zai kusa cinye rabon yini, ba a yi maganar fanka da cajin waya ba. Ana rubuta ƙarfin wutar a takardar da ke manne a bayan allo. A juya shi a karanta kafin a fara ciniki.

Akwai allunan da ke zuwa da cajarsu a waje, masu shan volt 12 ko 19. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai iya haɗa irinsu da batir ta ƴar na'urar daidaita wuta, a huta da asarar da inbata ke yi. Akwai kuma ƙananan alluna na ɗauka, masu inci 15.6, da ke shan wuta daga kwamfutar kanta ta USB-C. Ga ɗalibi mai ɗaki ɗaya, wannan ba abin rainawa ba ne.

Na san masu tace bidiyo da masu zane za su ce inci 24 ya yi masu kaɗan. Suna da gaskiya. Su nemi inci 27 mai ɗigo 2560 da 1440, irin na IPS, wanda launinsa ba ya juyewa idan an kalle shi ta gefe. Amma kada kowa ya ruɗu da tambarin 4K. Tsohuwar kwamfuta mai HDMI 1.4 ba za ta iya tura masa fiye da hoto 30 a daƙiƙa ba, sai ka ga kibiyar linzami tana jan ƙafa. Ka biya kuɗin doki, ka hau jaki.

Ƴan uwanmu na ƙetare masu aiko wa ƙanne da kayan aiki, Allah ya saka da alheri, amma ga roƙo. Kafin ku saya, ku ce a turo maku hoton gefen kwamfutar ta WhatsApp, ku ga ramukan da ke jikinta: HDMI ne, VGA ne, ko USB-C. Ba kowane ramin USB-C ne ke fitar da hoto ba, wani na caji da kwasar fayil ne kawai. Na Amurka da Kanada kuma su duba an rubuta volt 100 zuwa 240, domin wutarsu 120 ce, tamu 220. Allon da ya ƙetaro teku ya zo ya zauna a kwali bai taimaki kowa ba.

Mai sayen na hannu, a Katako ne ko a Kasuwar Dole, ya tafi da kwamfutarsa da wayarsa. A kunna a gabansa. Ya buɗe farin shafi, sannan baƙi, sannan ja, ya duba ko akwai mataccen ɗigo ko layi. Ya bar shi a kunne na ɗan lokaci ya ga ko zai fara ƙyafta ido idan ya ɗau zafi. Ya zaɓi mai fuska marar sheƙi, saboda hasken ranarmu yana mayar da mai sheƙi madubi. Mai kayan da ya ƙi a gwada ya riga ya ba ka amsa.

Idan an kai gida, saman allon ya daidaita da ido, nisansa kamar tsawon hannu, taga kuma ta kasance a gefe. Idan ƙafarsa gajera ce, littattafai biyu sun isa su ɗaga shi. Yawancin allunan nan an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, don haka a nisanta shi da rana, a rufe shi da ƙyalle lokacin ƙurar hunturu.

Talabijin ɗina yanzu yana falo yana aikin da aka yi shi dominsa. A teburina akwai allo mai inci 24, na hannu, wanda ba ya burge baƙo. Amma idan wuta ta tafi da azahar, batir na riƙe shi har in gama labarina in tura. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.